Kawu Mai Jingina da Rumbun Mutane

Da muka dawo daga maƙabarta, rumfar ƙofar gidan Kawu a Tasawa ta rabu biyu ba tare da kowa ya raba ta ba. A dama dattawan unguwa ne da liman da tsofaffin abokan aikinsa na lakwal, wato makarantar boko, kowa na jan tazbaharsa. A hagu kuwa wasu zanƙala-zanƙalan mutane ne da tabarma ta yi wa kaɗan, sun rasa inda za su kai ƙafafunsu, gwiwa har kusa da kunne. Wata tsohuwa da ta zo shiga cikin gida ta tsaya ta ƙare musu kallo, ta ce wa ta bayanta, "Waɗanga kuma dangin wane ɓangare ne? Shi mamacin ai ko jaki za shi hau sai ya taka turmi." Dogayen suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa, ban iya rabe mai dariya da mai kuka ba. Ni ma a cikinsu nake zaune. Ɗan yayarsa ne ni, amma a ranar sai na ji wurina yana cikin 'yan wasansa na ƙwallon kwando.

Kowa da Kawun da ya sani. Liman ya ce shekara da shekaru bai taɓa juyowa bayan sallar asuba ya rasa shi a sahun farko ba. Wani tsohon mushe, wato malamin lakwal, da suka koyar tare ya ce mutum ne mai kai, da ya so da ya zama darakta, amma ya ƙarar da rayuwarsa wajen koya wa 'ya'yan manoma jefa balo cikin zoben ƙarfe. Wani tsohon kafinta ɗan majami'a, wanda ya yi mana allunan kwando, ya zo da hularsa a hannu, ya ce "Ya haƙuri," ya zauna can gefe. Sai wani manomi daga Kanan-Bakashe, bayan an shafa fatiha, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah shi jiƙanshi, shi gahwarta mishi. Rumbunanmu dai sun huta." Wannan karon har liman sai da ya murmusa.

Ni idona yana kan hanya. Akwai mutum guda da nake jira, ina kuma tsoron zuwansa: wani tsoho daga ƙasar Korgom, uban wanda muke ce wa Dogo. Wata shekara an sami gurbi guda na tsira, mu biyu muke bukatarsa, ni da ɗan tsohon nan, kuma Kawu ne ya zaɓa. Zan zo kan wannan. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne, ran da na iso na bi ta filinmu, sai na tarar da awaki kwance a tsakiyar simintin, kwando ɗaya ya karye yana reto, ɗayan an cire shi. Nan da 'yan shekaru babu wanda zai san an taɓa yin ƙwallon kwando a garin nan, balle ya san wanda ya kawo ta. Ba na jin rubutuna zai hana hakan. Ina yi ne kawai don na kasa yin shiru.

Kawu shi ne autan su Inna, mahaifiyata. Ita ta goye shi, kuma har furfura ta rufe masa kai Auta take ce masa. A lakwal ɗin Damagaram ya haɗu da wasan, ya dawo gida a matsayin mushen wasanni da balo guda a hammata. Garinmu garin kokawa ne da ƙwallon ƙafa, saboda haka da farko dariya aka yi ta yi masa, ana cewa ga gajere ya kawo wasan dogaye. Bai kula ba. Ya kafa ekip, wato ƙungiyar wasa ta gari, wadda ke zuwa gasar jiha a Maraɗi, ya riƙe ta har bayan ya aje aikin lakwal. Burinsa guda ne, kuma bai taɓa ɓoye shi ba: ya haɗa mutum biyar da za su shekara tare, ya ɗauko kofin jiha ya kawo Tasawa ko sau ɗaya. Har ya koma ga Allah bai ɗauko shi ba.

Ba gwanaye ya rasa ba. Da damana kowa na gona, wannan ya yarda da shi, shi ma gonarsa yake. Bayan kaka sai ya tara mu. To amma gasar a rani take faɗowa, daidai lokacin da samari ke watsewa cin rani. Sai ya sha wahalar yaro, ya koya masa jifa da hagu, ya koya masa tsayuwa gaban abokin gaba, sai wata safiya a nemi yaro a rasa. Ya hau mota, ya yi Kano ko Agadas. Kawu ya kan ce, "Sauran masu horarwa da ciwon gwiwa suke hwama. Ni da tasha nike hwama."

Daga nan ya ɓullo da dabarar da ta sa aka san shi daga Mayahi har Korgom. Da an gama ɗaurin dami, sai ya hau tsohuwar motonsa, wato babur, ya shiga ƙauyuka gaida iyayen 'yan wasa. Leƙa rumbun mutum abin kunya ne, kuma Kawu bai taɓa leƙawa ba. Sai dai in ya tashi tafiya ya roƙi maigida ya taka masa, ya bi da shi ta bayan gari inda rumbuna suke, can ya dafe ƙugu ya ce bayansa ya riƙe, ya jingina. Rumbun da ya cika ba ya motsi. Wanda bai cika ba yakan lotsa, karansa ya yi 'yar ƙara. Kafin nan kuma ya riga ya sha furar gidan, ya ga ko tana tsayawa a ludayi ko ruwa ce tsululu. In ya hau moto ya riga ya san ko yaron zai kai damana a gida. Wanda rumbun ubansa ya lotsa, komai gwanintarsa, Kawu ba ya gina ekip a kansa.

Ba a daɗe ba kowa ya gane. In aka ji ƙarar motonsa daga nesa, mata su ce a ƙara gari a fura, ga mai ciwon baya nan tafe. Akwai wani a garin Sarkin Hausa da ya tokare rumbunsa da itace ta ciki don a ɗauki ɗansa. Kawu ya jingina, ya miƙe, ya ce, "Hatsinka na bana yana da gwiwar hannu, malam." Ana dariyar abin, amma yana da ɗacinsa. In Kawu ya bar yaro a waje, gari duka ya san halin da rumbun ubansa yake ciki.

Haka yake auna komai. Ba ya ɗaukar mutum biyu daga gida ɗaya, don in uba ya kira, duka biyun za su tashi. Ya fi son mai 'yar sana'a, tela ko mai gyaran moto, musamman wanda ya yi aure. Kullum yana riƙe da 'yan majami'a biyu, 'ya'yan dangin kafintan nan, don in azumi ya zo ƙafafunmu suka yi nauyi su ne ke ɗaukar gudun, mu kuma mu riƙe musu fili ran Lahadi da safe. Ya taɓa ba ekip ɗin Mayahi wani gwanin jifa daga nesa, ya karɓo wani mai nauyin jiki da bai iya komai ba sai tare hanya. Muka yi ta gunaguni. Ya ce, "Uban wanga yana da garkar lambu da rijiya. Wancan gwanin nasu ne har sanyi shi wuce. Wanga nawa ne har ruwa shi sauka." Haka kuwa aka yi.

In yana tunani, a ƙasa yake yi. Ya share rairayi da tafin hannu, ya jera tsakuwa biyar, ya ɗauke wannan ya sa waccan, yana magana shi kaɗai. A bakin fili kuwa murya gare shi da ta fi jikinsa. In ka riƙe balo ka ƙi bayarwa, za ka ji shi har bakin kasuwa: "Ba da ita, ba gadon ubanka ba ce." Ni ne mai rabon balo a ekip ɗin, saboda haka ni na fi kowa shan wannan kalma, kuma zama ɗan yayarsa bai rage mini ko kaɗan ba.

A kasuwar Korgom ya tsinci Dogo. Ya ga wani saurayi yana sauke kaya daga saman mota yana tsaye a ƙasa, alhali sauran sai sun hau taya. Ya bi shi har ƙauyensu. Gonar uban 'yar kaɗan ce, rairayi zalla, ga ƙanne rututu, Dogo kuma shi ne babba. Kawu ya jingina da rumbun, saura kaɗan su faɗi tare. Bisa ƙa'idarsa sai ya yi sallama ya tafi. Amma ya ɗaga kai ya sake duban yaron, ya ce wa uban ya ba shi aronsa na rani, ci da sha da makwanci duk a wuyansa. Wannan ne karo na farko da ya taka dokar da ya kafa da kansa.

Ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya haɗa ta da wata don ƙafafun su sami wuri. Matar Kawu takan ce ta auri mushe guda, ga shi tana tuƙa tuwon bataliya, amma ita ce ke ƙara masa malmala a ɓoye. Dogo ba mai magana ba ne. In ya ture ka a fili sai ya tsaya ya ɗaga ka ya ba ka haƙuri, Kawu na ta ihu ya bar ka nan kwance. Baba yake ce wa Kawu. A kan rairayi kuma, mu tsakuwa ne, shi kaɗai ne guntun kara. Ni da shi muka saba har ba sai na duba ba, in na cilla balo sama na san hannunsa na can. Da shi muka kai wasan ƙarshe a Maraɗi, aka cinye mu da ƙyar. A mota wajen dawowa kowa ya yi jugum, Kawu kaɗai ke murmushi yana cewa, "Baɗi. Ku dai ku tsaya mini, baɗi namu ne."

Baɗin ta zo da abin da ta zo da shi. Ruwa ya ɗauke hatsi na da ciki, abin da ya fito kuma tsutsa ta bi. A shekarar Kawu bai yi yawon ƙauyuka ba, ya ce bana ba sai bayansa ya yi ciwo ba. Wuri biyu kawai ya je. Ya je Korgom, ya kuma zo gidanmu. Ina nan ya sha furar Inna, ya aje ludayin a hankali, Inna na kallonsa yana kallon ƙasa. Da Babana ya taka masa, ta bayan gari suka bi. Ni a lokacin na riga na fara zama da masu shirin Libiya, don waɗanda suka dawo daga can da moto sabuwa suka dawo. Dogo kuwa, ciyar da shi kaɗai a zauren Kawu ba ta ƙara wadatarwa, tunda akwai bakuna a gida da ke jiran babban wa.

Sai ga alhajin Maraɗi. Mai sayar da kayan gini ne, yana da ekip babba, kuma 'yan wasansa a shagunansa suke aiki, da ɗaki da albashin da zai isa mutum ya aika buhu gida. Ya gan mu a wasan ƙarshe. A bakin fili ya tsaya, gabanmu duka, bai yi wani kwana-kwana ba.

"Mushe, dogon nan nika so. In ba ka mutum biyu, 'yan ƙasarku ne da sunka gama karatu za su dawo gida, in haɗa maka da balo da mayo, rigunan wasa. In kuwa ba ka iya rabuwa da shi, ba ni mai rabon nan, nawa ya tsuhwa. Amma a kanshi mutum guda za ni ba ka."

Kawu ya ce, "In ka ɗauki duka biyun hwa?"

"Shago guda gare ni da ke bukatar mutum, Mushe."

Kwanakin da suka biyo baya Kawu bai yi barcin rana ba. Kullum yana gindin iccen bedin ƙofar gidansa, shi da kafinta, da tsakuwoyi da guntun kara. Ya ɗauke karan ya sa tsakuwa biyu, ya duba, ya girgiza kai. Ya mayar da karan ya ɗauke tsakuwar tsakiya, wato ni. Kafinta ya gaya mini daga baya abin da yake ta nanatawa: in ya ba da Dogo, benci zai cika amma ƙarƙashin kwando ya zama kango, kofi kuma ya tafi ke nan. In ya ba da ni, rabo ana koya wa mutum cikin 'yan watanni, tsawo kuwa ba a koyar da shi. Kafinta ya ce masa, "Mushe, rumbun Korgom hwa?" Ya ce zai riƙe yaron, ko da daga nasa rumbun ne.

Ni ya bayar. A ranar ban ga wata tsira a ciki ba, na ga an tsame ni daga ekip ɗin da ke gab da kofi an mai da ni yaron shago. Gari kuma ya karanta abin yadda ya saba karantawa: Mushe ya jingina da rumbun mijin yayarsa, ya lotsa. Babana kuwa ya daina zama a majalisar da Kawu ke zama. Inna ce ta yafa mayafi ta same shi har gindin bedi, gaban mutane.

"Auta, ni ka tona ma asiri? Bayan da na goye ka da shi, shi ka rasa abin da za ka saka mishi da shi sai wanga? Ka aje bare cikin zaurenka yana cin tuwonka, ka ɗauki jininka ka miƙa ma ɗan kasuwa kamar ɗan akuya."

"Yaya, ki zamna mu yi magana."

"Ba ni zama. Ka zamna da duwatsunka."

Ta daɗe ba ta taka gidansa ba, ko da salla. Ni kuwa na tafi Maraɗi ina kumbure-kumbure, na fara ɗaukar siminti da safe ina wasa da yamma, wata na ƙarewa na aiko da buhu gida.

Kawu ya cika alkawari iya ƙarfinsa. Ya ɗora hatsi a amalanke ya aika Korgom, ya sake aikawa. Amma rumbun tsohon mushe a irin wannan shekara shi ma da ka jingina da shi za ka ji ƙara. Ana saura kaɗan gasa, wata safiya bayan Kawu ya fita masallaci, Dogo ya naɗe tabarmin nan biyu, ya ninke mayonsa ya ɗora a kai, ya leƙa cikin gida ya durƙusa wa matar Kawu. Ya ce, "Inna, ki ce ma Baba shi yi haƙuri. Ƙannena ganyen tahwasa suke ci ba gari. Ba ni iya duban idonshi." Ta ce ya jira ya karya, ya ce mota ba ta jira.

Daga Agadas ya kira sau ɗaya, ta wayar wani maƙwabcinsu, ya ce ya sami motar da za ta ƙetara hamada zuwa Libiya. Shi ke nan. Wasu suka ce motar ta lalace tsakanin rijiya da rijiya. Wani ya ce ya ga mai tsawonsa a wani gidan kaso a can. Wani ya ce ba shi ba ne. Babu gawa, babu salla, babu zaman makoki, kuma har yau da nake rubutun nan babu wanda ya zo da magana tsayayya.

Da labarin ya bazu, Inna ta tuƙa tuwo da miyar kuka irin wadda yake so tun yana yaro, ta ɗauka da kanta ta kai masa. Ta ce, "Auta, ashe ɗana ka tsamo mini. Na zage ka ban sani ba. Allah shi saka maka." Matar Kawu ta ce zagin da Inna ta yi masa a gindin bedi bai taɓa shi kamar wannan godiya ba. Ya miƙe tsaye, ya ce, "Yaya, don Allah kar ki gode mini," ya sa takalmi ya fita. Tuwon nan har ya huce bai dawo ba.

Ya ci gaba da riƙe ekip na wasu shekaru, amma abin ya zama na jiki kawai. Ya daina yawon kaka, ya daina jingina da rumbun kowa, duk wanda ya zo fili sai ya ba shi mayo. In ya share rairayi, tsakuwa huɗu yake jerawa ya bar wuri a ƙarƙashin kwando, ya yi ta kallonsa har a kira salla. Muryar nan da ake ji har kasuwa ta koma ciki. 'Yan wasa suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya, tasha ta ci gaba da cin rabonta, shi kuma bai ƙara yin faɗa da ita ba. Sai dai in ya ji wani ya dawo daga Libiya, ko a wane ƙauye yake, zai je ya same shi ya kwatanta masa tsawon yaron da hannu.

Tafiya guda ce bai taɓa fasawa ba. Lokaci-lokaci zai hau moto ya nufi Korgom, ya sami tsohon a ƙofar gida, su gaisa, a kawo ruwa. Sai ya ce, "An ji labari?" Tsohon ya ce, "Ba a ji ba." Su ɗan zauna, ya tashi ya dawo. Da ƙafa ta gaza tuƙi, ɗan kabu-kabu yake sa wa ya kai shi. Na taɓa ce masa wannan wahala ta isa haka, tunda amsar ba ta canzawa. Ya dube ni kamar na riƙe balo na ƙi bayarwa.

Ni dai ina Maraɗi. Na yi wasa har gwiwa ta ce ta gaji, na zauna a shagon, yau ni ke riƙe da makullinsa. Na yi aure, na yi 'ya'ya, na gina ɗan gidana. Duk wannan a gurbin da aka fara nema wa wani nake zaune, kuma babu safiyar da zan buɗe ƙofar shagon nan ban san haka ba.

Da ciwo ya kwantar da shi na zo duba shi. Da la'asar ce, an fito da shi inuwar zaure, daidai inda tabarmin Dogo suke a da. Ya rame har ya koma kamar yaro. Muka yi hirar gwiwata da ta 'ya'yana, sannan na yi tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita.

"Kawu, don ni ka yi, ko don kofi?"

Ya juyo da kansa wajena.

"Rumbu biyu na jingina da su shekaran nan, duka sun lotsa. Nashi ya hi lotsawa. Kai uwarka na da ni, shi ba shi da kowa. Da na bi abin da na sani, shi za ni aikawa." Ya nemi ruwa, na ba shi. "Ran da na ce don kai na yi, sai in tuna yadda nike son kofin nan, har mahwarkinshi nike. Ran da na ce don kofi na yi, sai in tuna huskar uwarka sa'ad da na aje ludayi. Na auna, na sake aunawa, ban gano ba. Abu guda na sani. Ko wane ne cikin biyun, ba don shi na yi ba."

Na gyara masa matashi, na zauna kusa da shi har aka kira magariba. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya yafe maka abin da ka sani da wanda ka kasa ganowa, ya auna ka da ma'aunin da ya fi naka sauƙi. Ya sa ƙasar da ka yi ta sharewa da tafin hannu ta yi maka taushi.

Tsohon Korgom ran sadakar uku ya iso, da hantsi, a amalanken jaki. Ya kwana a hanya. Ya tsufa ƙwarai, amma da ya sauko sai na ga inda Dogo ya samo tsawonsa. Ya shiga rumfa ya yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka miƙo masa gumba ya karɓa ya riƙe a hannu bai ci ba. Bai daɗe ba ya ce zai koma kafin rana ta yi zafi. Na tashi na taka masa.

A bakin amalanke ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne ɗan yayarshi, na Maraɗi."

"Ni ne, Baba."

"Ka yi jiki. Akwai iyali?"

"Akwai, Baba."

"Madalla. Allah shi raya." Babu ɗaci a muryarsa ko kaɗan, kuma da akwai da ya fi mini sauƙi. Ya kwance igiyar jakin yana magana kamar da ita yake. "Uwarshi ta bar tambaya, ta ce zuciyarta ba ta ɗauka. Ƙannenshi sun yi aure, ƙaramar ko muryarshi ba ta tunawa. Limaminmu ya ce a yi mishi salla mu huta, na ƙiya. Kawunka ɗai ya rage mai tambayata. In ya tambaya, sai in ji kamar yaron na wani wuri yana tahiya, bai dai iso ba."

Ya hau ya zauna, ya riƙe igiya, amma bai kora jakin ba. Ya yi ta kallon kunnuwan dabbar. Sai can na gane abin da yake jira.

Na ce, "Baba, an ji labari?"

"Ba a ji ba, ɗana." Ya yi ajiyar zuciya. "Na gode."

Na ce masa in sha Allah zan riƙa zuwa, ba zan bar shi haka ba. Da gaske nake har zuciyata. Amma Korgom ba kan hanyar Maraɗi take ba, shago kuma ba ya buɗe kansa, kuma shi ma ya san haka. Ya dube ni irin duban da Kawu ke yi wa yaro bayan ya jingina da rumbun ubansa, sannan ya kaɗa igiya, jakin ya ɗauki hanya.